Injin naitiro a Jos: in sayi babba ko in gyara wanda nake da shi?

Ɗan_Rikkos:
Assalamu alaikum, manyanmu da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina neman shawara kafin in kashe kuɗin da na daɗe ina tarawa. Wata biyu da suka wuce na sayi motar rimot ta hannu, ƙirar HPI Savage mai injin naitiro .25 (wato ƙaramin inji mai shan mai, ba batir ba), daga wurin wani abokin yayana da ke zaune a Legas. Kafin in biya ya turo mini bidiyonta, na ga da idona tana ɗaga ƙafafun gaba da zarar ya ba ta wuta. Amma tun da ta iso Jos ban taɓa ganin ta yi haka ba. Tana tashi da ƙyar, hayaƙi ya turnuƙe, mai yana tsartuwa daga salansa har ya jiƙe tayar baya, in kuma na ja totur gaba ɗaya sai ta riƙa yi kamar mai kurkurar baki, wani lokaci ta mutu. Mai ita ya ce bai taɓa ko ɗaya daga cikin allurorin saita mai na kafireta ba kafin ya aiko, ni ma ban taɓa ba. Shin injin ne ya yi wa motar ƙanƙanta, in sayi .28 ko ma .32 in huta, ko akwai abin da ban sani ba?

Kawu_Bukuru:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ajiye kuɗinka tukuna. Amsar tana cikin maganarka ta ƙarshe, inda ka ce babu wanda ya taɓa allura. An saita injin nan a Legas, a bakin teku, kai kuma ka hau da shi tudun da ya kai wajen mita 1,200. Iskar da muke shaƙa a nan ba ta kai ta can kauri ba, don haka duk zuƙar da injin zai yi, iska kaɗan yake samu, alhali kafireta tana ci gaba da zuba masa mai daidai da abin da ya saba sha a Legas. Man ya rinjayi iskar ke nan. Hayaƙin da kake gani, da man da ke jiƙa taya, da wannan kurkurar, duk alamun inji ne da mai ya yi masa yawa. Ko .32 ɗin ka sayo ka ɗaura, muddin ba ka koyi juya allura ba, irin wannan kukan zai yi maka.

MaiGudu_Kubwa:
Ina girmama maganar Kawu, amma kada a hana yaro gaskiya. Savage mota ce mai nauyi, tana kai wajen kilo 5, ga manyan tayoyi. Kamfanin da kansa daga baya ya koma saka mata inji mai girman sisi (cc) 4.6, wato .28, kuma ba don ado ya yi haka ba. Tunda an yarda cewa tudun Jos yana cin ƙarfin inji, ai hankali ma ya ce a fara da babba, domin abin da zai rage bayan tudu ya ci rabonsa ya isa a yi wasa.

Injiniya_Gwarinpa:
Kowannenku yana da hujja, sai dai akwai abin da ya kamata ya riga wani. Bari in fara da lambobin, domin na lura suna rikita sababbi. Lambar da ake kiran inji da ita girman cikin silinda ce a ma'aunin inci: .21 daidai yake da sisi 3.5, .25 kusan sisi 4.1, .28 kuma sisi 4.6. Bambancin .25 da .28 rabin sisi ne kawai. A ɗaya ɓangaren, ƙiyasin da masu injuna suka saba da shi shi ne inji yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau, wanda ke nufin a Jos an rasa fiye da kashi ɗaya cikin goma in an kwatanta da Legas. Wannan asarar babu allurar da za ta dawo da ita, a nan Malam MaiGudu ya yi daidai. Amma injin da mai ya shaƙe shi yana rasa abin da ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma wannan kyauta ake dawo da shi, da sukundireba kawai.

Ɗan_Rikkos, kafiretarka tana da abubuwa uku da ake juyawa. Akwai babbar allura, wadda ke tsaye a sama inda tiyon mai yake shiga, ita ce ke iko da man da injin ke sha a cikakken gudu. Akwai ƙaramar allura a gefe, mai kula da silo da farkon tashi. Sai kuma sukurun silo, wanda ba ya ƙara mai ko ragewa, ƙofar iska kawai yake hanawa rufewa ruf, kuma ratar da ya kamata ya bari ba ta wuce kusan milimita 1 ba. In ka juya allura yadda hannun agogo ke tafiya ka rage mai, in ka juya baya ka ƙara. Ka ɗauki kan allurar a matsayin fuskar agogo, kada ka wuce awa ɗaya a kowane juyi. Ka bar injin ya yi ɗumi tukuna, ka fara da babbar, ka juya awa ɗaya, ka zagaya filin sau biyu ko uku da cikakken totur, ka saurara, sannan ka sake. Za ka ji muryar tana washewa, gudun yana ƙaruwa. Da zarar ka juya ka ga gudun bai ƙaru ba, ko hayaƙin ya ɓace, to ka wuce gona da iri, sai ka koma baya awa ɗaya ko biyu. Dole ne kullum a ga siririn hayaƙi mai ruwan shuɗi yana bin motar, domin man shafawar injin a cikin man da yake sha yake, ba shi da wani bakin mai daban.

Ɗan_Rikkos:
Na gode ƙwarai, Injiniya. To ita ƙaramar allurar, ta yaya zan gane ta zauna daidai?

Injiniya_Gwarinpa:
Bayan ka gama da babbar, ka tsayar da motar tana silo, ka matse tiyon mai da yatsu biyu dab da kafireta, ka ƙirga. Inji mai kyakkyawan saiti zai ci gaba na daƙiƙa uku ko makamancin haka, muryarsa ta ɗan ɗaga, sannan ya mutu. In ya mutu nan take ba tare da ya ɗaga ba, mai ya yi masa kaɗan. In ya daɗe yana ɗagawa har ka gaji da ƙirga, mai ya yi yawa.

Baban_Sadiq:
Ina so in ƙara gargaɗi a kan abin da Kawu ya faɗa, domin ni ta ɗaya fuskar abin ya same ni. Iyalina suna Jos, aikina yana Abuja. Na saita motata ta zauna cif a wani fili kusa da Rayfield, ina jin daɗinta, sai na sako ta a but na gangaro Hawan Kibo. Washegari da rana na tayar da ita a Lugbe ban taɓa komai ba. Ta yi gudun da ban taɓa gani ba, har na ɗauka sa'a ce, amma kafin tanki ya kai rabi ta yi wata siririyar ƙara ta tsaya cak. Da na cire fulogi na tarar da wayar cikinsa ta yi toka-toka ta lanƙwashe, kan injin kuwa ba ya taɓuwa. Iskar Abuja ta fi kauri, man da ya ishe ta a Jos ya zama ƙishirwa a nan. Tun daga ranar matsin injin bai koma yadda yake ba. Yanzu kafin in sauke ta daga mota nake buɗe babbar allura awa biyu, daga nan in fara neman saiti. Yawan mai ɓata rai kawai yake yi, ƙarancinsa ne ke kashe inji.

Hazo_Lamingo:
Ba ma sai an bar gari ba. A nan Jos, saitin da ya yi daidai da azahar ba zai yi daidai da sanyin safiyar Disamba ba, saboda iska mai sanyi ta fi kauri, tana neman ƙarin mai. Mutane da yawa suna ɗauka akasin haka ne.

MaiGudu_Kubwa:
Duk wannan wahalar ita ce ta sa nake cewa a sayi sabo. Injin hannu ba ka san abin da ya gani ba. Kuma in dai za a saya, ni ban ga dalilin tsayawa a ƙarami ba.

Gwani_21:
Malam MaiGudu, girman silinda ba shi kaɗai ne ƙarfi ba. A gasar duniya ta ƙananan motocin ƙasa masu sikelin 1/8, doka ta tsayar da inji a sisi 3.5, wato .21, kuma waɗannan injuna, irin na O.S. na Japan da Picco na Italiya, suna juyi sama da sau 30,000 a minti. .21 mai kyau zai bar .28 mai araha a baya a doguwar hanya, kuma tankinsa ya fi daɗewa. Sai dai zan yarda da kai a abu ɗaya: an gina su ne don juyi mai yawa a kan mota marar nauyi, babbar mota mai ƙatuwar taya kuwa ƙarfin fizga daga tsaye take so, kuma a nan .28 ya fi dacewa. Akwai kuma abin da ba a faɗa wa mai saye: yawancin injunan gasa ba su da igiyar ja, akwatin tayarwa suke buƙata, ita kuwa Savage ba a yi ginin ƙasanta don irin wannan akwati ba. Duk wanda zai saya mata inji ya tabbatar yana da igiya ko ramin sandar tayarwa a bayansa, ya kuma duba ko bakin salansa da mazaunin kuloci sun dace da nata.

Maman_Khalifa:
Ku gafarce ni in na kauce kaɗan. Ɗana mai shekara 13 ya samu irin wannan mota daga wurin kawunsa, man da aka haɗo da ita ya kusa ƙarewa. Maƙwabcinmu ya ce a haɗa fetur da man inji irin na ƙaramin janareto, wai duk ɗaya ne. Kafin in yarda na ce bari in tambayi masu abin.

Kawu_Bukuru:
Hajiya, Allah ya yi miki albarka da kika tambaya. Kada a zuba mata fetur ko ɗigo. Man waɗannan injuna haɗin abu uku ne: metanol, wanda shi ne mafi yawa, da naitiro, da man shafawa, ko dai na zurma ko na haɗin masana'anta ko duka biyun. Lambar da ke jikin galan, kamar 20 ko 25, kason naitiro ce a cikin ɗari, kuma 20 ta wadatar ga wasan gida. Dalilin da fetur ba zai yi ba yana cikin fulogin. Ba ya tartsatsi kamar na babur. Wata siririyar waya ce a nannaɗe mai ɗauke da filatinam, ana hura ta da ƙaramin batir har ta yi ja, in injin ya tashi a cire batirin, daga nan haɗuwar tururin metanol da filatinam ɗin, tare da zafin ƙuna, su ne ke riƙe ta tana ja. Fetur ba ya yin wannan aikin, kuma yana lalata tiyon silikon.

Abin da ya fi wannan muhimmanci a gare ki a matsayin uwa shi ne metanol guba ne. Kaɗan daga cikinsa in an sha yana iya makantar da mutum ko ya kashe shi, kuma in ya kama wuta da rana harshen wutar ba ya ganuwa sosai. Kada a juye shi a robar lemo ko ta ruwa, kada a busa tiyo da baki, kada a tayar da motar a cikin ɗaki ko gareji a rufe. Galan ɗin ya zauna a hannunki, yaron ya riƙa karɓar na tanki ɗaya ko biyu.

Maman_Khalifa:
Na fahimta, Baba, na gode. Yau ɗin nan zan ɗauke shi daga ɗakinsa.

Lantarki_Wuse:
Wannan batun mai shi ne ya sa na sayar da tawa na koma mai batir. Ba a yarda fasinja ya hau jirgin sama da man naitiro ba, masu kawo shi kaɗan ne, in ya yanke sai mota ta yi wata da watanni a ajiye. Ta batir kuwa babu allura, babu ruwanta da tudun Jos, kuma ta fi fizga.

Hazo_Lamingo:
Babu mai musun wannan, ɗan'uwa, amma tambayar da aka yi ta injin naitiro ce. Ni abin da nake so Ɗan_Rikkos ya duba, wanda har yanzu ba a ambata ba, shi ne soson tace iska. Ya ce wata biyu ke nan yana fama da motar, kuma cikin hunturu muke. Ƙurar da ke sauka a kan gilashin mota cikin dare, mai laushi kamar garin alkama, ita ce babbar maƙiyiyar wannan inji. Fistin ɗinsa ba shi da zobe. Alminiyam ne yake gudu a cikin hannun riga, wato bututun cikin silinda, na tagulla da aka shafe da kurom, kuma an ɗan tsuke hannun rigar daga sama yadda fistin zai cije in ya kai ƙarshe. Wannan cizon shi ne matsin injin gaba ɗaya. In ƙura ta shiga sai ta zama kamar sanfefa, tanki kaɗan sun isa su cinye shi. Ka cire soson ka leƙa maƙogwaron kafireta da tocila, ka shafa farin ƙyalle a ciki. In ya fito da ja ko ruwan ƙasa, ƙura tana wucewa. Ni a wannan lokaci soso uku nake fita da su, kowanne na wanke da sabulu, ya bushe sarai, na shafe shi da mansa mai danƙo na ajiye a leda, ina canzawa bayan kowane tanki biyu ko uku, kuma ina ɗaure wuyansa da igiyar roba don kada ya faɗi in motar ta kife.

Ɗan_Rikkos:
Na dawo da rahoto. Jiya bayan la'asar na bi abin da Injiniya ya tsara. Gwajin matse tiyo ya kai daƙiƙa bakwai kafin injin ya mutu. Na rage babbar allura awa huɗu a hankali, ƙaramar kuma awa biyu, kuma wallahi kamar an canza motar, har ta ɗaga gaba sau biyu. Sai dai wata matsala ta fito. In ta yi minti biyar ko shida ta yi zafi, sai silo ya gagara, ta mutu, kuma ba ta sake tashi sai ta huce. Na kuma yi gwajin Malam Hazo, ƙyallen ya fito da ja. Soson a bushe yake ƙayau, ashe tun da ta zo babu mai a jikinsa.

Kawu_Bukuru:
To, yanzu muka zo wurin. Inji ya yi aiki da sanyi, ya mutu da zafi, ya ƙi tashi sai ya huce, wannan yawanci alamar matsi ne da ya tafi, domin hannun rigar yana buɗewa in ya yi zafi, ɗan cizon da ya rage ya ɓace. Ka gwada haka: injin yana sanyi, ka cire fulogi, ka juya ƙafar injin, wato faifan da kuloci ke zaune a kai, da yatsa. In fistin ya wuce sama sumul ba ka ji ya cije ba ko kaɗan, ya gaji. Amma kada ka yanke hukunci kafin ka kore zaton ɓarawon iska. Tiyo mai tsagewa, murfin tanki da ba ya rufuwa da kyau, gindin kafireta da ya saki, murfin bayan inji, ko boris ɗin gaba da ya sa wasa, kowannensu yana iya kawo irin wannan. Ka kuma gwada sabon fulogi mai matsakaicin zafi irin wanda ya dace da kan injinka. Ka lura akwai mai washa, akwai kuma mai tsinin baki marar washa wanda ake rubuta turbo a kwalinsa, ba a saka ɗaya a gurbin ɗaya.

Injiniya_Gwarinpa:
Ka auna zafin kuma, kada ka dogara da hannu. Ƙaramin ma'aunin nan da ake haskawa daga nesa ya wadatar, ka nufi gindin fulogi da zarar motar ta tsaya. Tsakanin digiri 100 da 120 a ma'aunin Celsius wuri ne mai kyau, in ya haura 130 ka tsaya ka buɗe allura ka ƙara mai. In babu ma'auni, ɗiga ruwa a kan injin kusa da fulogi: in ya yi ɗan tafasa na 'yan daƙiƙu kafin ya bushe babu laifi, in ya ɓace nan take zafin ya yi yawa. Awa huɗu da ka rage ba ƙarama ba ce, mai yiwuwa ka ɗan zarce.

MaiGudu_Kubwa:
Ga shi mun dawo inda na tsaya tun farko. In matsi ya tafi, sabon inji za a saya, kuma in za a saya, .28 ne.

Gwani_21:
Ba lallai ba ne. Ana sayar da fistin da hannun riga tare a matsayin saiti, a haɗa da sandar fistin, a canza boris biyu, inji ya koma sabo a kan kuɗin da bai kai na sabo ba. Sharaɗin shi ne a samu kayan wannan .25 ɗin, domin tsohon ƙira ne. In an samu, ni gyara zan yi, in sayi mai da sosuna da ragowar kuɗin. Wanda yake koyon allura gara ya koya a kan injin da asararsa ba za ta yi ciwo sosai ba.

Baban_Sadiq:
Ko gyara ko sabo, ronin yana jiransa, wato sabar wa sabon fistin da aiki a hankali, kuma a nan ne gaggawa take cin mutane. Sabon fistin yana cije sosai, musamman da sanyin Jos, har igiyar ja tana iya tsinkewa. Ni nakan ɗumama kan injin da na'urar busar da gashi kafin in ja. Tankuna biyar na farko ana yin su da mai a wadace, ana ba da wuta kaɗan-kaɗan ana ƙarawa, amma a bar injin ya yi ɗumi na gaske, kada a bar shi yana silo a wuri ɗaya cikin sanyi. Bayan kowane tanki a juya fistin ya sauka ƙasa kafin ya huce, don kada hannun riga ya tsuke a kansa. In kuma igiya ta ƙi jawuwa, kada a yi ƙarfi: mai ne ya cika silinda, a cire fulogi, a kifar da motar, a rufe ramin da tsumma a ja sau da yawa ya fita.

Hazo_Lamingo:
Da damina kuma a tuna metanol yana jan ruwa daga iska. A rufe galan sosai, kada a kwana da mai a tanki, a ƙone wanda ya rage a cikin injin, sannan a ɗiga man kariya ta kafireta da ramin fulogi a juya. In ba haka ba boris ya yi tsatsa cikin 'yan kwanaki.

Ɗan_Rikkos:
Kawu, na cire fulogi na juya. Akwai ɗan cizo a sama, amma kaɗan ne, yatsa ɗaya yana wuce shi. Na kuma ga tiyon da ya taso daga salansa zuwa tanki ya tsage a bakinsa. Yanzu ban san wanne ne mai laifin ba, kuma zuciyata ba ta daina kallon .28 ɗin ba.

Kawu_Bukuru:
Wannan tiyon shi ne ke tura iska cikin tanki don mai ya taho, in ya tsage injin yana ƙishirwa ya yi zafi, don haka kada ka sake tayar da ita sai ka canza shi, kuma in ka canza ka buɗe babbar allura awa biyu kafin ka fara, domin saitin jiya a kan tsagaggen tiyo ka yi shi. Ranar Asabar bayan la'asar ina gida. Ka zo da motar, da man da kake amfani da shi a galan ɗinsa, da soson a wanke. Ina da ma'aunin zafi da tiyo da fulogi biyu. Akwai .28 a kan tawa motar, za ka ja ta ka ji bambancin da hannunka.

MaiGudu_Kubwa:
In ya ja ta Kawu sau ɗaya, na san abin da zai saya. Ɗan_Rikkos, ka ɗauko mana bidiyon duka biyun a fili ɗaya, kuma ka faɗa mana haƙoran giyar kulocin kowacce, domin in ba iri ɗaya ba ne gwajin bai yi adalci ba.